Yadda ake shuka bishiyar mimosa don inuwa a wurare masu zafi

Bishiyar mimosa ba ta sa mai ita dogon jira. Idan ta samu rana da ƙasa mai tsane ruwa, takan ƙara kusan mita ɗaya a shekara lokacin da take ƙarama, kafin shekara biyar ko shida ta buɗe kanta kamar lema, har mutum ya samu wurin zama a ƙarƙashinta. Inuwarta mai sauƙi ce. Ganyenta ƙanana ne, an jera su bibbiyu kamar gashin tsuntsu, hasken rana yana ratsa su ya sauko a tace, shi ya sa ciyawa da ƙananan furanni ke iya rayuwa a gindinta. Da magariba ganyen sukan naɗe, haka ma idan ana ruwa, sai gari ya waye su sake buɗewa. Furenta kuwa ba shi da irin fiffiken da aka saba gani a fure. Tarin zare ne sirara, tsawon santimita 2 zuwa 3, fari daga tushe, ja-ja mai haske daga baki, kamar an ɗaure gezar alharini an ɗora a saman reshe. Yana da ƙamshi, kuma ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba sa rabuwa da shi.

Wannan saurin girma yana zuwa da nasa nauyin. Itacenta yana da gautsi, tana zubar da fure da kwanso da yawa, kuma ba ta daɗewa: da yawa ba sa wuce shekara 20, wadda ta kai 30 ta yi tsawon rai. Ba a iya sauya mata wannan hali. Abin da ke hannun mai shuka abu biyu ne, wurin da ya sa ta da siffar da ya ba ta a shekaru ukun farko. Yawancin ɓacin ran da ake samu da mimosa daga nan yake tasowa.

Ka tabbatar da wadda kake saya

Sunan mimosa ya hau kan tsirrai da dama. Akwai wata 'yar ciyawa mai ƙaya da ke rufe ganyenta idan an taɓa ta, ita ce Mimosa pudica, ba ta zama bishiya. Akwai Acacia dealbata, 'yar asalin Ostareliya mai furanni rawaya, wadda a Faransa ake kira mimosa. Wadda ake magana a nan ita ce Albizia julibrissin, dangin wake ce, asalinta daga Iran zuwa Sin da Koriya da Japan. Sunanta na farko na Filippo degli Albizzi ne, wani ɗan birnin Fulorans a Italiya da ya kai ta Turai a tsakiyar ƙarni na 18, na biyun kuma daga Farisanci yake, gul-i abrisham, wato furen alharini. Idan za ka sayi dashe, nemi sunan Albizia julibrissin a jikin takardarsa, kada ka tsaya ga kalmar mimosa kawai.

Ta fi jin daɗin wurin da zafi ke daɗewa, sannan a samu 'yan watanni na sanyi-sanyi da za ta zubar da ganye ta huta. Wannan zubar da ganye ya kamata ka sa shi a lissafi, domin a watannin nan babu inuwa, kuma tana cikin bishiyoyin da ke jinkirin sake toho. A wuraren da zafi ba ya sassautawa duk shekara kuma rani ke da tsawo, 'yar uwarta Albizia lebbeck ta fi juriya. Furenta fari ne mai ratsin kore, ta fi girma sosai, amma yadda ake tayar da irinta da dasa ta kusan ɗaya ne da abin da ke tafe.

Wuri

Tsawonta yakan tsaya tsakanin mita 5 zuwa 12, amma faɗin kanta sau da yawa yakan kai tsawonta ko ya zarce. Saboda haka ka auna fili da wannan faɗin a zuciyarka tun tana 'yar tsiro. Bar aƙalla mita 6 tsakaninta da gini, in da hali mita 8. Saiwoyinta manya kan bi kusa da saman ƙasa, suna iya ɗaga daɓen siminti, kuma suna bin danshi, don haka a nisanta ta da bututun ruwa da ramin bayan gida. Kada a sa ta ƙarƙashin wayar lantarki. Kada a sa ta inda ake ajiye mota, domin furen idan ya zubo ya jiƙe yakan manne wa fenti da gilashi, ga kuma reshe da kan iya karyewa ranar iska.

Idan gini kake so ta kare daga zafi, yamma da shi ne wurinta, saboda ranar la'asar ce ke gasa bango har ɗaki ya kwana da zafi. Tana son rana cikakkiya, awa shida ko fiye. A inuwa takan miƙe siririya tana neman haske, furen ya yi kaɗan. Wurin da iska ke kaɗawa da ƙarfi ba tare da wani shamaki ba shi ma bai dace da ita ba.

Ba ta da zaɓen ƙasa. Rairayi, jan ƙasa, ƙasa mai tsakuwa, duk tana yi. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi. Gwajin mai sauƙi ne: haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. Idan bayan kwana guda har yanzu da sauran ruwa a ciki, ƙasar tana riƙe ruwa fiye da kima. Ko ka sauya wuri, ko ka tara tudu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da faɗin mita ɗaya da rabi ka dasa a kansa.

Akwai batun da ya wuce gidanka. Mimosa tana yaɗuwa da kanta. A kudu maso gabashin Amurka ta fice daga lambuna ta cika gefen hanyoyi da bakin koguna, har a jihar Fulorida aka sa ta cikin jerin tsirrai masu mamaye daji. Ruwa yana kwasar irinta ya kai nesa. Idan filinka yana kusa da rafi ko daji, gara ka nemi wata bishiyar, kuma ka bincika ko dokar wurin da kake ta yarda a shuka ta.

Tayar da ita daga iri

Irin yana cikin kwanso mai faɗi kamar na wake, tsawon santimita 10 zuwa 20. A tsinke shi bayan ya bushe ya koma ruwan ƙasa, yana ƙara idan an girgiza. Ɓawon irin yana da tauri ƙwarai, ruwa ba ya shigarsa, shi ne dalilin da zai iya kwanciya a ƙasa shekaru bai tsiro ba bai kuma mutu ba. Wanda ya shuka shi haka kawai yakan ga ɗaya ko biyu sun fito, ya ɗauka irin ne ba shi da kyau.

Dole a buɗe wa ruwa hanya. Tafasa ruwa, sauke shi ka bar shi minti biyu ko uku, sannan ka zuba a kan irin a cikin kofi, ruwan ya ninka irin sau huɗu ko biyar. Bar shi ya kwana. Da safe za ka ga wasu sun kumbura sun kusa ninka girmansu, launinsu ya yi haske, in ka matsa da farce sai ka ji laushi. Waɗannan ne suka shirya. Waɗanda suka tsaya ƙanana masu ƙyalli, goga gefensu a jikin takardar goge katako har wani ɗan fari ya bayyana, ka mayar da su ruwa mai ɗumi. Kada a tafasa irin a kan wuta, zai dahu ne.

Cika leda mai zurfin aƙalla santimita 25 da haɗin ƙasa kashi biyu, rairayi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ka huda ƙasanta wuri huɗu ko biyar. Zurfin ledar yana da muhimmanci, domin tsiron yakan tura doguwar saiwa ƙasa tun da wuri. Sa iri biyu a kowace leda, zurfin santimita ɗaya. Ƙasar ta zauna da danshi, kada ta yi caɓi. In da ɗumi, cikin mako ɗaya zuwa uku za su fito. Idan duka biyun sun tsiro, datse mai raunin da almakashi maimakon cirewa, don kada ka girgiza saiwar ɗayan. Tsiron da ya yi baƙi daga gindi ya faɗi, yawan ruwa da ƙarancin iska ne suka kashe shi.

Nau'o'in da aka zaɓa don launinsu, irin su Summer Chocolate mai ganye ja-ja mai duhu, ko Rosea mai furen da ya fi ja, ba a dogara da irinsu, domin abin da ya tsiro ba lallai ya yi kama da uwar ba. Su dashe ake saya. A wajen saye, ka zare ledar ka duba: idan saiwoyi sun kewaye ciki sun naɗe kamar gammo, bar shi. Ƙaramin dashe mai lafiyar saiwa yakan kamo babba ya wuce shi cikin shekara biyu.

Dasawa

Dashe ya isa fita idan ya kai santimita 40 zuwa 60. Lokaci mafi kyau shi ne farkon damina bayan ƙasa ta jiƙu sosai, da yamma ko ranar da ke da hadari. Faɗin ramin ya ninka na ledar sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce na ledar. Nan ake yawan kuskure. Inda gindi ya fara buɗewa ya zama saiwa, wurin ya tsaya daidai da saman ƙasa, ko ya ɗan ɗara da yatsa biyu. Bishiyar da aka binne wa wuya ba ta mutuwa nan take. Ɓawonta ne ke ruɓewa a hankali, sai bayan shekara biyu ko uku a ga tana ƙanƙancewa ba a san dalili ba.

Yanka ledar da reza ka cire ta gaba ɗaya. Saiwar da ta lanƙwashe a ƙasa, miƙar da ita ko ka yanke ta daga inda ta lanƙwashe. Mayar da ƙasar da ka haƙo. Kada ka cika ramin da taki zalla, domin saiwoyi za su zauna cikin daɗi su ƙi fita neman ƙasa, kuma ɗanyen taki yana ƙona su. Danna da hannu, ka yi ɗan kewayen tudu a bakin ramin don ya riƙe ruwa, sannan ka zuba lita 15 zuwa 20 a hankali.

Lulluɓe kewayen da busasshiyar ciyawa ko ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin. In ya taɓa ɓawo yakan riƙe danshi ya kuma janyo gara. Idan wurin na da iska, kafa turke biyu a wajen ramin ka ɗaure da tsumma mai faɗi, a sassauce yadda bishiyar za ta iya rangaji, domin rangajin ne ke ƙarfafa gindi. Waya ko siririyar igiya takan nutse cikin ɓawo. A kwance ɗaurin bayan shekara guda. Inda dabbobi ke yawo, a kewaye ta da raga, don suna son ganyenta.

Ruwa da taki

A makonni biyun farko, in ba a yi ruwan sama ba, ba ta lita 10 zuwa 15 duk bayan kwana biyu ko uku. Daga nan a koma sau ɗaya a mako, lita 20 zuwa 30, har ta wuce rani biyu. A ƙasa mai rairayi sai a raba shi sau biyu a mako. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana tara saiwoyi a sama inda rana ke gasa su. Kafin ka zuba, tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi a zurfin yatsa, jira. Bayan shekara ta biyu tana iya jure fari, sai dai ban ruwa sau ɗaya ko biyu a wata lokacin tsananin zafi yana sa ganyen ya cika, furen ya daɗe.

Taki kuwa, a yi hankali. Kamar sauran dangin wake, tana da ƙananan ƙulli a saiwarta inda wasu ƙwayoyin halitta ke samar mata naitirojin, sinadarin da ke ciyar da tsiro, daga iska. In aka ƙara mata takin zamani mai naitirojin da yawa, sai ta yi ta fitar da dogayen rassa masu laushi, furen ya ragu, gautsin ya ƙaru. Bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki a baza a kewayenta sau ɗaya a shekara ya wadatar.

Yadda ake ba ta siffa

In aka bar mimosa da halinta, takan rabu gida biyu ko uku tun daga ƙasa, rassan su bazu a tsayin ƙugu. Tana da kyau a haka, amma ba a shiga ƙarƙashinta, kuma irin wannan rabuwar ce ke tsagewa. Mai neman inuwa yana bukatar gindi ɗaya miƙaƙƙe har zuwa mita 2 ko 2 da rabi, sannan kai ya buɗe.

A shekarar farko zaɓi reshe mafi ƙarfi da miƙewa ya zama shi ne gindi. Duk wanda ke gasa da shi a tsawo, rage masa kai ko ka cire shi. Ƙananan rassan gefe kada ka share su gaba ɗaya lokaci guda, su ne ke ciyar da gindin ya yi kauri, suna kuma kare ɓawonsa daga ƙunar rana. Rage musu tsawo, ka riƙa cire na ƙasa kaɗan-kaɗan kowace shekara kafin su wuce kaurin babban yatsa. A shekara ta biyu da ta uku, idan ta kai tsayin da kake so, zaɓi rassa uku zuwa biyar da ke fuskantar ɓangarori dabam-dabam, da tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakaninsu a jikin gindin. Su ne za su ɗauki lemar.

Duba yadda kowane reshe ya haɗu da gindi. Wanda ya fita a buɗe, kusan a kwance, yana da ƙarfi. Wanda ya tashi a matse kamar yatsu biyu da aka haɗe, ɓawo ne ke maƙale a tsakaninsu maimakon itace, in ka duba da kyau za ka ga wani layi ya nutsa ciki. Yau ba ya nuna komai, amma ranar da rassan suka yi nauyi iska ta taso, nan ne za ta rabe biyu. Cire ɗaya tun yana ƙarami.

Ana yin wannan aski lokacin da ta zubar da ganye, gab da sabon toho. Furenta a kan sabon reshe yake fitowa, don haka ba ka yi asarar fure ba. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassanta a shekara. A yanka daf da kumburin da ke tushen reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba, daga nan ne ciwon ke rufewa. Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi: a fara ɗan tsaga shi daga ƙasa, tazarar santimita 30 daga gindi, a yanke daga sama gaba kaɗan ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage. In ba haka ba yakan faɗo ya yage ɓawo har ƙasa. Ba a shafa fenti a ciwon. Kada kuma a sare mata kai don rage tsawo, abin da zai fito tarin toho ne masu rauni. A goge almakashi da zarto da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a wuce wata bishiyar.

Cuta da ƙwari

Babbar abokiyar gabarta cutar yaushi ce, wadda wata ƙwayar cuta dangin fumfuna mai suna Fusarium oxysporum ke haddasawa. An fara lura da ita a jihar Karolina ta Arewa a Amurka a shekarun 1930. A cikin ƙasa take zaune, ta shiga ta saiwa, musamman inda aka ji wa saiwar ciwo, ta toshe hanyoyin da ruwa ke hawa. Alamar farko ita ce ganyen reshe ɗaya ko gefe ɗaya ya yi rawaya ya yi yaushi alhali ƙasa da danshi. In ka fere ɓawon reshen za ka ga zane-zane ruwan ƙasa a jikin itacen. Daga baya ɓawon gindi kan tsage yana fitar da ruwa mai danƙo. Wata takan mutu cikin 'yan watanni, wata ta ja shekara.

Ba ta da magani, feshi ba ya kai wa inda take. Ƙara ruwa ma ba ya taimakawa, tunda hanyar ruwan ce ta toshe. Bishiyar da ta kamu a sare ta, a tone abin da za a iya na saiwa, a ƙone, kuma kada a sake dasa mimosa a wurin, domin cutar na daɗewa a ƙasa. Rigakafinta shi ne ƙasa mai tsane ruwa, da guje wa noma ko haƙa a gindinta.

Akwai kuma wata tsutsa da ke haɗe ganye da saƙa kamar ta gizo-gizo tana ci daga ciki, sai ka ga ganyen ya bushe ya yi kamar wuta ta lashe shi. A ƙaramar bishiya, yanke wuraren da ta saƙa ka ƙone. In ta yi yawa, maganin feshi da ake yi da ƙwayar halitta mai suna Bacillus thuringiensis yana aiki matuƙar tsutsar tana ƙarama. Idan ka ga ganye yana danƙo, daga baya ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne, fesa ruwa mai ƙarfi ko ruwan sabulun kashe ƙwari yakan rage su.

Kwanso da 'ya'yan da ke tsirowa

Bayan fure sai kwanso, kuma yana yawa. Yakan zauna a rataye ko bayan ganye ya zube. A share wanda ya faɗo kafin ya fashe, a kuma hana tumaki da awaki da karnuka cinsa, domin irin yana da dafin da ke taɓa jijiyoyi idan an ci da yawa. Tsiron da ya fito a gindi ko cikin tukwanen fure a tuge shi tun bai wuce tsawon taƙi ba, bayan ruwa lokacin da ƙasa ke da laushi. In ya girma saiwarsa takan katse a ƙasa ya sake fitowa.

Idan ta fara tsufa za ka ga busassun rassa suna yawa a sama, ganyen yana raguwa shekara bayan shekara. Tun tana shekara takwas ko goma, dasa wata bishiyar mai tsawon rai a tazarar mita 6 zuwa 8, hasken da ke ratso inuwar mimosa ya ishe ta tasowa. Ranar da za ka sare tsohuwar, ka sani kututturen zai yi toho, saiwoyin ma haka. Ko dai a tone shi, ko a shafa maganin kashe ciyawa irin su glyphosate a bakin saran cikin 'yan mintuna da yankewa, kafin wurin ya bushe ya daina tsotsa.